Na bi Kubanni daga Samaru har Galma

Yawancinmu ƴan Zariya daga kan gada muka san Kubanni, kogin da ya ratsa garinmu. Kana cikin keke napep daga PZ zaka Tudun Wada, ka ɗan leƙa ƙasa ka hango ruwa ya yi duhu ga leda ta cika gefe, ka ja numfashi ka riƙe har a wuce, shikenan sanin da muka yi mata. Sai kuma in damina ta yi nisa aka wayi gari ana cewa Kubanni ta kawo, ta shiga gidaje ko ta ci wani yaro, a yi jaje kwana biyu a manta. Ni a Tudun Wada aka haife ni, aiki ne ya kai ni Kaduna, amma ƙafata bata taɓa bin gefen kogin nan da niyyar in gan shi ba sai wannan zuwan.

Biki ne ya kawo ni gida bayan ɗaukewar ruwa, hunturu ya fara ɗan busawa. Akwai yayana ɗan wan babanmu, injiniyan ruwa ne, ya taɓa zuwa kwas ƙasar Holan, to da daddare muna zaune a zaure ana shan shayi sai hira ta gangaro kan wuraren shaƙatawa, wani yace Zariya kam babu inda mutum zai kai iyalinsa ya sha iska in ba gidan cin abinci ba. Yaya yace akwai mana, ga shi nan ya ratsa garin tun daga sama har ƙasa mun mayar da shi juji. Nace Yaya wai Kubanni kake nufi? Yace ita fa. Yace ka shirya gobe bayan asuba mu ɗau babur, in mun dawo sai ka faɗi ra'ayinka.

Samaru muka fara, bakin dam ɗin jami'ar Ahmadu Bello. Jami'ar an buɗe ta a 1962, dam ɗin kuma a shekarun 1970 aka datse shi don ruwan shan makaranta, ruwan yana gangarowa ne daga tuddan wajen Shika. Wallahi da safen nan wurin ya yi kyau ƙwarai, hazo a kwance kan ruwa, balbelu sun jeru a gefe, ga wani mai kamun kifi can nesa a cikin ɗan kwale-kwalensa yana jan raga a hankali. Ina tsaye ina kallo Yaya ya karyo wani dogon kara ya gangara bakin ruwa ya soka shi ƙasa, karan ya nutse kusan rabi ba tare da ya danna da ƙarfi ba, da ya zaro sai ga laka ja mai santsi ta manne masa. Yace ka ga wannan, ƙasar gonakin mutane ce. Duk damina ruwan sama yana wanko ta daga gonaki da zaizayayyun kwaruruka, in ta iso dam gudun ruwa ya mutu sai ta kwanta, shekara kan shekara cikin dam yana raguwa alhali daga sama kana ganin kamar yana nan yadda yake. Maganinsa yashewa, amma in aka yashe ba a dasa itatuwa da ciyawa a bakin rafukan da ke sama ba, to kuɗin an zubar ne kawai, lakar zata dawo.

Nace to nan ai sai a zuba jiragen shaƙatawa irin na tafkin Jabi a Abuja. Ya girgiza kai yace nan ruwan sha ne, jirgi mai inji yana ɗigar da mai, iyakaci dai na tuƙi da hannu shi ma da ƙa'ida.

Daga nan muka gangaro ta wajen Zango da Hanwa, wani wuri babur ya shiga wani wuri sai mun ajiye shi mun taka. A nan ne na fara ganin abin da ba a gani daga titi. Lambuna ne jere a bakin kogin, latas da kabeji da alayyahu da karas, kore shar, ga ƙarar injinan ban ruwa ta ko'ina. Muka tarar da wani dattijo yana tsugune yana kwance bakin tiyon injinsa, muka yi sallama muka ce sannunku da aiki Baba. Ya amsa da fara'a, ya ɗago mana abin da ya ciro daga bakin tiyon, dunƙulen ledar fiya wata ne da tsumma da wani guntun famfas, sun naɗe sun toshe ragar. Yace kullum sai ya yi wannan aikin kafin inji ya ja ruwa, wani lokaci yana cikin ban ruwa zai ji sautin injin ya canza ya san ta sake toshewa. Yace samari lokacin da muke yara a nan muke wanka, in ka tsaya a ciki kana ganin yatsun ƙafarka.

Da Yaya ya fara masa bayanin cewa ana iya gyara kogin a yi hanyar tafiya a gefe a sa kujeru da fitilu, sai na ga fuskar Baba ta canza. Ya ajiye tiyon yace to mu kuma ina za a kai mu? Yace shi duk lokacin da ya ji an ce za a gyara wuri, to talakan da ke wurin ne za a fara tasa. Maganar nan ta zauna mini a rai har yanzu. Mutumin nan da lambun nan ya aurar da ƴaƴansa, kayan miyan da ake sayarwa a kasuwar Sabon Gari da ta Tudun Wada wani kaso daga irin wuraren nan yake fitowa, duk wani tsari da zai zo ya share su don a samu wurin ɗaukar hoto ni dai bana goyon bayansa. Kuma in ka duba su ne ma suka fi kowa buƙatar ruwan ya tsarkaka, tunda latas ɗanye ake cinsa, da wannan ruwan ake shayar da shi, mu ne kuma masu ci. Yaya yace Baba ku kwantar da hankalinku, gyaran gaskiya da ku ake yinsa, hanyar ma tana iya bi ta bayan lambu, mai yawo ya tsaya ya sayi karas daga hannunku. Baba yace Allah ya sa, ya tsinko mana karas ya ɗauraye da ruwan butarsa ya miƙo.

Tun daga wajen Tudun Jukun abin ya fara sauyawa, kafin mu iso gadar da ke tsakanin Sabon Gari da Tudun Wada kuwa sai a hankali. Abin da na lura da shi shi ne babu gida ko ɗaya da ke fuskantar kogin, kowa ya juya masa baya, bayan gida da makwararar wanka da bututun kwata su ne ke kallon ruwa. Ga manyan lambatu na unguwanni suna zubowa ciki kai tsaye, baƙin ruwa mai kumfa, ga tsibin shara da aka tara a gaɓa ana jiran ruwan sama ya zo ya tafi da ita. Masu wankin mota da babur na gefe, ƙasa kaɗan masu ɗibar yashi sun rarake gaɓar har ta rufta a wani wuri ta bar ginin wani gida a rataye. A tsakiyar duk wannan yara ne tsirara suna tsalle suna faɗawa ruwa suna ihu, abin ya ba ni tausayi sosai, don irin ruwan nan ne ke kawo tsargiya, yaro ya riƙa fitsarin jini iyaye su ɗauka wani abu ne daban, alhali ƙwayar cutar daga dodon koɗin da ke cikin ruwa take fitowa ta huda fata. Kuma ba zaka ga laifin yaran ba, ina zasu je? Zafi ya yi, ruwa na kusa.

A ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro muka zauna muka huta, nan Yaya ya yi mini bayanin da ya fi komai shiga kaina. Yace mutane in an ce gyaran kogi sai hankalinsu ya tafi kan jirage da fitilu masu launi, alhali wannan shi ne na ƙarshe. Na farko shi ne a hana ƙazanta shiga. Ana shimfiɗa babban bututu ko rufaffen kwalbati a tsawon gaɓa, duk lambatun da ke gangarowa ya faɗa cikinsa maimakon kogi, a ja ruwan zuwa can bayan gari inda za a haƙa tafkunan tacewa, rana da ciyayi su yi aikinsu kafin a sake shi. A bakin kowane lambatu kuma a sa ragar ƙarfe mai tare leda, da ma'aikatan da zasu riƙa kwashewa, sannan a ba unguwa wurin zuba shara da motar da zata zo ɗauka a kan lokaci, don matar da ta aiki yaro da bokitin shara bakin kogi ba mugunta ce ta sa ta ba, babu wani wurin ne. Ya kawo misalin Singafo, yace a 1977 firaministansu Lee Kuan Yew ya ba da umarnin a tsabtace kogin birnin, sai da aka shekara 10 ana yi har 1987, kuma yawancin aikin ba a cikin ruwa aka yi shi ba, a tudu aka yi, an sama wa masu sayar da abinci a gefen titi rumfuna masu famfo da magudana, an gina wa mazauna gaɓa gidaje, an kawar da gonakin aladu. Shekara goma fa, a ƙasar da take da kuɗi da tsari.

Ya ciro waya ya nuna mini bidiyon da ya ɗauka a Utrecht, wani tsohon birni a Holan. Ruwa ne ya zagaye tsohon garin kusan kilomita 6, asalinsa ramin tsaro ne da aka haƙa shekaru kusan 900 da suka wuce, wajen 1970 suka cike wani ɓangare suka yi ƙaton titin mota a kai, daga baya mutanen gari suka ga sun tafka asara, aka yi ƙuri'ar jin ra'ayi a 2002, aka fasa titin aka sake haƙa ramin, a watan Satumba na 2020 ruwa ya sake zagaye garin. A bidiyon ga mutane cikin ƙananan jirage suna tuƙi, wasu na zaune a matakala suna cin abinci, a daidai wurin da motoci ke gudu a da. Haka Seoul babban birnin Koriya ta Kudu, suna da wani rafi Cheonggyecheon da ya zama kwata, suka rufe shi da kankare har suka ɗora gadar sama a kai, a 2003 magajin garin Lee Myung-bak ya sa aka rushe gadar, a 2005 aka buɗe rafin mai tsawon kilomita 5.8.

Nan take Jakara ta Kano ta faɗo mini, da aka bi ta da kankare aka yi titi a kanta. Na san dalilin, wari da ambaliya sun ishi mutane, kuma wanda ke kwana kusa da wurin shi ya san abin da yake sha. Amma ina roƙon Allah kada wata rana a ce maganin Kubanni shi ne a rufe ta. Waɗanda suka riga mu yin hakan ga shi sun dawo suna kashe ninkin kuɗin suna tonewa.

Sai dai Yaya bai bar ni na tafi da zumuɗi ba. Yace na Seoul ɗin nan da kake gani famfo ne ke turo masa ruwa, kusan tan 120,000 kullum daga kogin Han da ruwan ƙarƙashin tashoshin jirgin ƙasa, mu da wace wutar zamu yi wannan? Kuma Holan ruwa gare su shekara duka, ƙasarsu a shimfiɗe take. Mu nan ruwan sama wajen milimita 1,000 ne a shekara, kuma duk a tsakanin Mayu da Oktoba yake sauka, a watan Agusta Kubanni tana iya tafiya da mota, a watan Maris kuwa wani wurin yaro zai tsallake ta. Saboda haka maganar a ce za a ɗau fasinja a jirgi daga Samaru zuwa Gyallesu duk shekara, wannan ba mai yiwuwa bane yanzu. Abin da zai yiwu shi ne ƙananan madatsai, ɗan shingen kankare da bai fi tsayin mutum ba, a jera su a wurare, kowanne ya riƙe ruwa a bayansa ya zama ɗan tafki mai tsawo da kwale-kwale zai iya yawo a ciki da rani, da damina kuma ruwa ya bi ta kansa ya wuce, a ƙasa a bar ƙofar da za a buɗe laka ta fita. Na tambaye shi to su can ya jirgi ke haye irin wannan shingen? Ya zana mini a ƙasa da tsinke, ɗaki ne na ruwa mai ƙofa biyu, jirgi ya shiga a rufe ta baya, a saki ruwa daga sama ya cika ɗakin jirgin ya taso har ya yi daidai da ruwan gaba, sai a buɗe ɗaya ƙofar ya wuce, in saukowa ne a yi akasin haka. Yace amma kowane wucewa ruwa yake ci, mu kuma da rani ruwan ne babu, gara a bar shi ga masu lambu.

Wanda yace ya fi kama da namu shi ne na wani wurin shaƙatawa a Singafo da ake kira Bishan, can ma ruwan sama kamar da bakin ƙwarya yake zuwa. Lambatun kankare ne miƙaƙƙe mai kilomita 2.7, suka fasa shi suka mayar da shi rafi mai lanƙwasa da ciyawa a gaɓa, aka gama a 2012. In babu ruwa fili ne yara na wasa, in an yi ruwa filin ya cika ya riƙe ambaliyar, akwai fitilu da jiniya masu gargaɗi mutane su hau tudu. Wato dai fadama ce aka bar ta a matsayinta na fadama, ba a yanka ta fuloti ba.

Wannan magana ta sa muka ɗan karkata muka shiga cikin birni ta Ƙofar Doka, don yana so ya nuna mini wani abu. Muka bi gefen abin da ya rage na ganuwa, ya nuna mini alamar gwalalon da ke bayanta, ramin da aka ɗebi ƙasar ginin ganuwar ya kuma zama kariya, irin dai aikin da na Utrecht ya yi musu. Yanzu wani wurin gini ya hau, wani wurin shara. Haka kududdufan cikin gari, da can duk unguwa akwai nata, nan ruwan sama ke taruwa ya huce kafin ya gangara rafin Kamacha, yau an cike da yawa an yi shaguna da gidaje, shi ya sa ruwan awa ɗaya sai ka ga lungu ya zama rafi. Kakanninmu ba su yi digiri ba amma sun san inda ruwa ke son zama sun bar masa.

La'asar ta kusa muka kama hanyar Jos zuwa Dakace, bakin kogin Galma. Nan kam ruwa ne na sosai, Kubanni a cikinta take ƙarewa, ita kuma ta wuce ta faɗa kogin Kaduna, kuma ita ce ke shayar da garin ta dam ɗin da aka yi a kanta. Bayan mun yi sallah muka samu wani mai kwale-kwale yana gyaran ragarsa, muka ce Malam ko zaka ɗan zaga da mu? Yace bismillah, ku dai zauna a tsakiya kada kowa ya miƙe. Jirgin katako ne, an toshe wata tsaga a gindinsa da kwalta da tsumma, ga wani yankakken galan da yake kwarfe ruwa da shi lokaci lokaci. Da gora yake tura shi a inda ba zurfi, in mun shiga tsakiya ya ɗau filafili. Minti kaɗan ƙarar manyan motocin kan gada ta ɓace, sai gonakin rake da masara a gefe, shanu sun sauko shan ruwa, wani tsuntsu mai shuɗin baya ya faɗo ya cafki kifi a gabanmu. A cikin jirgin akwai tarwaɗa da karfasa da ya kamo suna motsi a ƙarƙashin jiƙaƙƙen buhu. Ina zaune ina tunanin yara nawa ne a Tudun Wada da Sabon Gari da basu taɓa shiga jirgin ruwa ba, ga shi kuwa tafiyar ƴan mintuna ce a babur.

Babu rigar kariya mai hana nutsewa ko ɗaya a jirgin, kuma wannan ba ƙaramin abu bane. Ba mu manta da Bagwai ba a ƙarshen 2021, jirgi ya kife da ɗaliban Islamiyya, ga na Warrah a jihar Kebbi a shekarar, yawanci lodi ne ya wuce ƙima ga jirgi ya tsufa ga babu riga. Duk wanda zai kawo maganar yawon jirgi a Zariya to da wannan zai fara, adadin mutum nawa jirgi zai ɗauka, riga ga kowa har jariri, ba tafiya bayan magariba, ba tafiya in ruwa ya kawo. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa NIWA a Lokoja hedikwatarta take, amma cibiyar koyar da fasahar sufuri ta ƙasa NITT ai a nan garin take, ga jami'a da sashen injiniyan ruwa, masu ilimin suna nan cikinmu, muna haɗuwa da su a masallaci da wajen ɗaurin aure.

Yaya ya tambayi mai jirgin, yace Malam in aka ce yau za a yi muku abu ɗaya a wurin nan me kuke so? Bai yi dogon tunani ba yace matakala. Yace gaɓar nan santsi gare ta, mata da tsofaffi masu haye wa gona sai an riƙe su, da za a zuba ƴar matakalar siminti da turken ɗaure jirgi da rumfar da mutum zai fake, a ba su riguna ko bashi ne su riƙa biya a hankali, to da ranar Juma'a da yamma da lokacin sallah shi kaɗai ya san mutanen da zai ɗauka. Yace ko yanzu ɗalibai kan zo su ce ya zaga da su, wasu ya ƙi saboda ba su iya ruwa ba kuma shi ba ya son abin da zai ja masa magana. Sai kuma leda, ya ɗaga ragar ya nuna mana, yace daga sama take zuwa, daga wajenku.

Da muka sauka na biya shi, ya ƙi karɓar duka sai da Yaya ya matsa masa, muka sayi tarwaɗar muka rataya a babur. A hanyar dawowa muka yi ta lissafin inda ya kamata a fara in da za a samu masu yi, ni nace Dakace tunda ruwa na nan ga masu jirgi a shirye, matakala da riguna ba wani kuɗi bane, ƙungiyar unguwa ma ko wani mai hali zai iya. Yaya yace a'a, shi daga gadar Tudun Wada zai fara, kilomita ɗaya kacal, a tare lambatu a kwashe shara a dasa itatuwa, saboda nan ne dubban mutane ke wucewa kullum, in suka ga ruwan ya washe da idonsu su da kansu zasu nemi a ƙara gaba. Har muka iso gida ba mu daidaita ba, mun dai yi alkawarin in na dawo hutun ƙaramar sallah zamu bi rafin Saye ita ma mu ga halin da take ciki, kuma zamu tafi da yaran gida.